Kuɗin Rum da Igiyar Ƙarshe

Ya 'yan uwa, ku ɗan matso, na baya su gyara zama. Yau ba dogon karatu za mu yi ba. Labari zan ba ku, kuma mai labarin da bakinsa ya ba ni izini kafin ya bar duniya. Ya ce, "Ka faɗa musu, Malam, amma ka sakaya sunana." To, na sakaya. Wanda ya gane shi ya yi masa addu'a, ya kama bakinsa.

An yi wani mutum a garin nan namu na Gumel, malamin makarantar boko. Shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Ya koyar a Gagarawa, ya koyar a Sule Tankarkar, ya dawo gida ya yi ritaya. Kada ku ji farkon magana ku zaci wani fasiƙi zan kawo muku. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, sahun farko ba ya wuce shi. Abokina ne, kuma ina ƙaunarsa. Har yau in na bi ta ƙofar gidansa sai na yi masa addu'a.

Sai dai mutumin nan yana da zuciya.

Matarsa, mu kira ta Mairo, 'yar Ɗanzomo ce, tun suna da ƙuruciya aka ɗaura musu aure. Ba su yi shekara biyu ba akuyarta ta shiga ɗaki ta cinye takardun jarrabawar yara da ya kawo gida zai duba. Ya sake ta. Kwana huɗu ya hau keke ya tafi biko, da goro da sunkuyar da kai. Bayan wasu shekaru ta ba maƙwabta aron rediyonsa, aka dawo da ita ba ta magana. Ya sake sakin ta. Wannan karon ko kwana uku bai iya yi ba.

Ran nan surukinsa ya zaunar da shi a zaure ya ce, "Ɗana, igiya uku Allah Ya ba ka. Biyu ka tsinka, ɗaya a kan akuya, ɗaya a kan rediyo. Saura ɗaya. Ranar da ka tsinke ta, ko ni da na haife ta ban isa in mayar maka da ita ba."

Maganar ta shige shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da igiyar nan da hannu biyu. In ya ji zuciya ta taso, sai ya zari buta ya yi alwala, ya fita gindin darbejiyar ƙofar gida ya zauna har ta sauka. Mairo takan leƙo ta ce wa 'yarsu Safiya, "Babanku ya tafi shan iska, ku ajiye masa tuwonsa da zafi." Haka suka tsufa tare. Duk unguwa in ana misalin zaman lafiya, gidansu ake nunawa.

To, ina Shaiɗan ya samu ƙofa? Ta inda ba wanda zai zata.

Mutumin nan tun yana aiki yana son tsofaffin kuɗi. Anini, ahu, kwabo mai huji, sisi, sule, duk yana da su a gwangwani, yakan kai aji ya nuna wa yara. Da ya yi ritaya sai ya riƙa zuwa kasuwar Maigatari duk Alhamis, ba don ya sayi rago ko raƙumi ba, sai don ya bi masu baza tarkace a ƙasa. A nan ya haɗu da wani direban babbar mota, Sha'aibu, mutumin Damagaram, mai ratsa hamada har ƙasar Libiya. Sha'aibu ya kwance wani ƙulli ya ce masa, "Mushe," kamar yadda suke kiran malamin boko a can, "ga wasu ƙwandaloli da ake tonowa a kufai. Ni dai ban ga amfaninsu ba."

Ƙananan abubuwa ne na tagulla, baƙi-baƙi, kore-kore, wani ko farcen ɗan yatsa bai kai ba. Mutuminmu ya kawo su gida. Ya sayi madubin nan mai ƙara girman abu. Ya shiga bincike a waya, har ya samu masu irin wannan sha'awa a wasu ƙasashe suna musayar hotuna. Su suka gaya masa kuɗin Rumawa ne, Rum ɗin nan da muke ji a karatu, sun haura shekara dubu da ɗari biyar a ƙasa.

Abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne, yawancin nasa ba na gidan sarki ba ne. Kwaikwayo ne. Ya ce mini a ƙarshen zamanin daular nan ƙananan kuɗi sun yi wuya a garuruwan gefe, sai maƙeran ƙauye suka riƙa duban na sarki suna buga nasu, mutane na sayen gurasa da su. Maƙeran ba su iya karatu ba, sai su zana rubutun yadda ido ya ba su, wani harafi a kife, wani a juye. Sarkin ma kowa da yadda ya fitar da shi. Wani hancinsa kamar lauje, wani ido ɗaya ya cinye rabin fuska. A bayan kuɗin akwai soja yana sukar mahayin da ya faɗo daga doki, amma a hannun wani maƙerin dokin ya koma kamar ɗan akuya.

Yakan ce mini, "Allah gafarta Malam, na gidan sarki duk kamarsu ɗaya. Waɗannan kuwa kowanne da hannun talakan da ya buga shi." In yana wannan bayani fuskarsa har haske take yi. Ni ma nakan saurara, don akwai daɗin ji.

Kowanne ya sa shi a kwalin ashana, a kan auduga, da 'yar takarda. Ashana yake saye katan guda, ya zazzage wa Mairo tsinkayen a kwarya ya ɗauke kwalayen. Shekaru aka yi ba wanda ya sayi ashana a layinsu.

Ya 'yan uwa, ban ce muku tara tsofaffin kuɗi laifi ba ne. Wani tattabaru yake kiwo, wani ƙwallo yake bi, kowa da abin da ke ɗebe masa kewa. Laifin yana wani wuri, ku biyo ni.

Masanan nan sun gaya masa abu ɗaya tun farko: kada a kuskura a wanke su. Tsatsar nan kore da ke jikinsu ita ce rigarsu, ita ta riƙe zanen. Tagullar ta tsufa ta ruɓe daga ciki, in aka kankare tsatsar, fuskar sarki da ita za ta tafi. Wannan magana ya faɗa mini ita ya fi sau goma. Ya faɗa wa 'yan majalisarsa. Ya faɗa wa Sha'aibu direba. Har mai shayin bakin tasha ya san ba a wanke kuɗin Rum.

Mutum ɗaya ce bai taɓa faɗa wa ba.

Farkon abin Mairo takan shigo da fura ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, wai me kake gani a cikin 'yan abubuwan nan?" Sai ya ce, ko ɗago kai bai yi ba, "Ba abin da za ki gane ba ne. Ajiye furar." Ta tambaya sau ɗaya, sau biyu, ta daina. Ya sa wa ɗakin kwaɗo. Hirar da suke yi bayan la'asar, tana tsince wake yana ba ta labarin gari, ta mutu ba wanda ya yi mata jana'iza. Bai zage ta ba, bai hana ta ci ko sutura ba. Ya dai raina ta, ya ga ilminsa ya fi ƙarfin kanta, ya ɗauke idonsa daga kanta ya mayar kan matattun sarakuna.

Wannan ba zalunci ba ne? Wa ya ce muku sai an ɗaga hannu ake zalunci?

Ana nan sai wani malamin jami'a daga Kano ya ga hotunan, ya yi waya ya ce zai zo ranar Asabar ya gani da idonsa. Mutuminmu ƙasa ta ƙi ɗaukarsa. Ran Laraba ya fito da su duka daga kwalaye, sun haura ɗari uku, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan babban tire ya jera su sahu-sahu. Ran Alhamis da safe ya shirya zai tafi Maigatari, don Sha'aibu ya yi masa alkawarin wani guda. A bakin ƙofa ya miƙa wa Mairo makulli, abin da ya shekara biyar bai yi ba.

Ya ce, "Babban baƙo zai zo jibi ganin kayana. Ki share ɗakin, ki gyara komai. Kada ya zo ya ga ƙazanta."

Ku riƙe kalmar nan, komai. Bai ƙara ko harafi a kai ba.

Ku kun san matanmu in an ce baƙo zai zo. Ta share, ta kaɗe, ta goge. Ta zo kan tiren nan ta sa hannu, ta ji abubuwa masu kaushi, ta kai hanci ta ji warin tsatsa. Ta ce a ranta, ashe abin da ya sa Malam yake ɓoye su ke nan, kunya yake ji. Yanzu mutum zai taso tun daga Kano ya ga kayan mijina a haka, ya ce ba mace a gidan?

Ta yi abin da uwarta ta koya mata, abin da take yi wa tasoshinta na jere tun tana amarya. Ta jiƙa tsamiya mai kauri ta zuba su ciki. Ta kawo toka da lallausan yashi da soson ƙarfe. Ta zauna a tsakar gida tun hantsi, ɗaya bayan ɗaya, tana dirzawa. Ba ta tashi ba sai don salla. Waɗansu suka farfashe a hannunta, ta tattara gutsattsarin a gefe tana jin tsoro. Sauran suka fito jajur suna ƙyalli, sumul, ba hanci ba ido ba doki. Ta wanke ƙyallen, ta shanya, ta sake jera su. Sannan ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura zanen da ya saya mata da Salla, ta zauna jiransa.

Ya dawo bayan la'asar da ƙurar hanya, da sabon kuɗinsa guda a aljihu. Ta tare shi tana murmushi ta ce, "Malam, sannu da hanya. Zo ka ga abin da na yi maka."

Ya shiga. Ya duba tire.

Buta tana nan a bakin ƙofa, ya 'yan uwa. Darbejiya tana nan inda take shekara talatin da ɗaya. Taku goma ne tsakaninsa da ita. Bai yi takun nan ba. Ya juyo ya ce, "Kin kashe ni. Tafi gidanku, na sake ki."

Ta ce, "Malam, ta ƙarshe ce fa."

Ya riga ya faɗa. Magana zarar bunu ce.

Washegari bayan sallar asuba ya riƙe mini hannu, ya ba ni labari. Wallahi na nema masa ƙofa kamar ni na yi sakin. Na ce, hankalinka ya gushe ne lokacin? Ka san abin da kake faɗa? Da ya ce bai sani ba, da an samu abin dubawa. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Na sani, Malam. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba." Kun ji irin mutumin. Na so shi a wannan amsa fiye da kullum, kuma ita ce ta rufe ƙofar.

Ƙanenta Ilu ya zo da mota ya tafi da ita Ɗanzomo. Mutuminmu kuma ya yi wa baƙon Kano waya ya ce kada ya wahalar da kansa.

Bayan mako biyu ya roƙe ni in raka shi, ba biko ba, don babu biko, neman gafara kawai. Muka zauna a zauren Ilu. Ta fito ta zauna daga bakin ƙofa, lulluɓe. Na ga yatsunta duk sun tsattsage, tsamiya da yashi sun cinye su. Mutuminmu ya buɗe baki, maimakon ya ce ki yafe mini, sai tsohon ciwon ya riga shi. Ya ce, "Mairo, ba ki ga fuskoki a jiki ba? Ba ki ga rubutu ba?"

Ta ce, "Ni ban ga fuskar kowa ba, Malam. Da na gani ai da ban taɓa ba. Taka fuskar ma shekara uku ke nan da murya nake gane ta."

Ilu ya ce, "Yaya, yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyu. Ranar da ta iso muka lura, ƙofa take lalube. Mun kai ta asibiti, sun ce ta daɗe."

Mutuminmu ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Na zo faɗa maka sau biyu. Ka ce in bari ka gama dubawa."

Ya 'yan uwa, madubin nan yana aljihunsa a lokacin, ina ganin shacinsa. Mutumin da ya san wane sarki ne idonsa ya karkace a cikin ɗari uku, a kan abin da bai kai farce ba, bai san idon matarsa ya yi fari ba. Gidan ta haddace, shi ya sa tuwo bai taɓa makara ba. Shi kuwa tunda tuwo na zuwa, bai ga dalilin ɗaga kai ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Ya fashe da kuka a gaban ƙanenta. Ita ce ma take ba shi haƙuri. Ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Ni ma ka yafe mini ɓarnar da na yi maka, na ga kana son su."

Wasu suka ba shi shawarar a nemo wanda zai aure ta na kwana biyu ya sake ta, auren kisan wuta. Na ce masa wannan wasa da dokar Allah ne, ba da ni ba. Ita ma da maganar ta kai kunnenta ta ce, "Da tsufana? Ni aurena ɗaya ne, kuma na yi shi."

An yi mata aiki, ido ya buɗe. Ta ga jikokinta, ta ga hanya. Amma shi ya zama baƙo. Bai sake taka kasuwar Maigatari ba. Alhamis ɗin da yake ba Rumawa sai ya mayar da ita Ɗanzomo. Ya shiga motar haya, ya sauka, ya zauna a zauren Ilu, ya ɗaga murya ya ce, "A gaida mutanen ciki." Daga ciki a ce, "Muna amsawa. Ya ƙafar taka?" Sai a aiko masa da fura a kwanon sha, an dirje shi yana ƙyalli. Ya sha, ya yi godiya, ya kamo hanya. Shekara biyu yana haka, yana ramewa, gidansa shiru, Safiya na aiko masa da abinci daga gidan mijinta yana ɗan taɓawa.

Da daminar bara ya kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. Ni na yi masa salla.

Ranar uku Ilu ya kawo ta gaisuwa. Gidan da ta yi shekara arba'in tana sharewa, ta shigo da sallama ta zauna cikin baƙi. Da za ta tafi ta sa aka kira ni. Ta ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Babu halin in yi masa takaba?"

Na ce, "Babu, Hajiya. Takaba ta matar aure ce."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Na sani. Na dai ce in tambaya."

Ya 'yan uwa, me ya halaka gidan nan? Ba tsamiya ba ce, ba Rumawa ba ne. Fushin ma da ya tsinke igiyar, a ƙarshe ya zo. Raini ne ya share masa hanya shekara biyar. Magana ɗaya da ya ba mai shayi kyauta, da ya ba matarsa ita, da yau tana cikin ɗakinta. Ya tara na kwaikwayo ɗari uku yana tattalinsu a auduga, na gaskiya guda ɗaya da Allah Ya ba shi amana ya bar ta tana lalube.

Kada wani ya ce ni ai ba na tara kuɗin Rum. Kowa da nasa tiren. Na wani waya ce, na wani kasuwa, na wani majalisa, na wani ma littattafan da ni da shi muke taƙama da su. Yaushe rabonka da ka dubi fuskar matarka da kyau? Mahaifiyarka da ke ɗakin baya, ka san wace ƙafa ke mata ciwo? Wanda ya ce maka yana da magana ka ce ya bari ka gama, ka koma ka tambaye shi?

In kun tashi daga nan, kada ku tsaya hira a bakin masallaci. Ku je gida ku ɗaga kai ku duba. Wanda kuma zuciya ta taso masa, buta ba ta da nisa.

Allah Ya jiƙan abokina, Ya dubi gaskiyar da ya faɗa ranar da ƙarya za ta fisshe shi, Ya yafe masa. Allah Ya saka wa baiwar nan tasa da Aljanna. Mu kuma da muka saura, Allah Ya kiyaye mu daga raina wanda ke ƙaunarmu, Ya kiyaye harsunanmu a lokacin fushi. Amin.